Gurbi Biyu na Tungar Ɗinya

Ranar Lahadi da hantsi aka ga tagar ofishin makarantar Tungar Ɗinya a ɓalle, ƙofar kabad a wangale, ambulan ɗin jarrabawa babu shi babu dalilinsa. Kafin azahar gari ya gama shari'a har ya yanke hukunci: Atiku ne, jikan Atu. An ga sawun takalmin roba a gindin tagar, kuma wa ke yawo bayan makaranta da takalmin roba in ba mai kiwo ba?

Takardu ashirin da uku ne a cikin ambulan ɗin. Ran Alhamis wata jami'a, Malama Ihsan, ta zo daga Tambuwal bisa babur, ta yi wa 'yan aji uku jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana. Gurbi biyu kacal aka ba Tungar Ɗinya. Ta liƙe takardun ta bar su a kabad ɗin firinsifal, ta wuce sauran ƙauyukan ƙasar Kebbe, a kan ran Talata za ta biyo ta duba su. Kowa a garin ya san yara biyu ke karɓa-karɓar na ɗaya tun daga aji ɗaya: Mardiya 'yar mai gyaran keke, da Nasiha ƙanwar Atikun nan, marainiyar da Atu ta raina da ƙwaryar nono a kai.

Atu ba ta san bihim ba, amma ta san lokacin da ake shirin cin amanarta. Ta yafa zane ta tarar da firinsifal, Malam Uthman, ɗan Dogon Daji, yana tsaye a filin makaranta yana share zufa.

"Inna, in takardu suka ɓace, ƙa'ida ita ce kwamitin iyaye ya zauna ya ba da suna biyu."

"A zauna ina?"

"A ofis."

"A turo ƙofa?"

Malam Uthman ya ce, "Gaskiya, da zargin da ke kan yayanta, da wuya kwamiti ya sa sunan Nasiha."

"Mi Atiku za ya yi da takarda? Shanu za ya ba?"

"Cewa ake ta gaya masa ba ta yi ƙoƙari ba, shi ya sa ya zo ya kwashe."

"Wa yac ce?"

"Mutane."

"Mutanen ba su da suna? Uwayensu ba su yanka musu rago ba?"

Abu ɗaya Malam Uthman ya yi daidai, shi ma tsoro ne ya sa shi. Ta taga ya leƙa ya ga ɓarnar, bai buɗe ƙofa ba, ya sa aka kewaye ofishin da ƙayar bagaruwa, ya ce kada wanda ya ƙara takawa sai Malama Ihsan ta zo ta gani da idonta. Atu ta dubi ƙayar, ta dubi sama. Tun yayyafin da aka yi ran Asabar bayan la'asar ba a ƙara ɗigo ba. Ta juya ta nemi ɗan kabu-kabu.

*

A Tambuwal ta kwana, da sassafe ta isa Jabo. Bube yana gindin darbejiya yana tufka igiya. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, shi ya taɓa bin bajimin marigayi mijinta kwana uku har ya komo da shi. Yanzu ya tsufa, ya bushe kamar kara, ido ɗaya ya yi yana.

Ya saurare ta har ta gama. "Atu, takarda ba ta da kofato."

"Wanda yaɗ ɗauke ta shina da ƙafa."

"Na bar aikin ga. Gwiwa ta ƙi."

"Ba gwiwarka nika so ba, idonka nika so, ko shi guda ya isa. Tashi, mai babur na jiranmu."

Ya tashi. Duk wanda ya san Atu ya san tashin ya fi sauƙi.

Da azahar suka iso. Bube bai gaida kowa ba sai da ya janye reshen ƙaya ya tsuguna gindin taga. Ya daɗe har Atu ta fara tsaki. Sannan ya ce a kira Atiku.

Saurayin ya zo yana kallon ƙasa, tun jiya bai fita kiwo ba saboda yara na binsa da ihu.

"Sawunka na?"

"Nawa na, Baba. Ran Asabar da safe niz zo cajin waya." Ya nuna wayar sola da aka zuro ta ƙasan tagar, wadda samarin gari ke liƙa wayoyinsu.

Bube ya yafito firinsifal. "Malam, duba cikin sawun. Ka ga ɗigo-ɗigo? Ruwa ya dake shi. Ke nan an taka kafin yayyafi." Ya ɗaga wani tsagin katako da ya faɗo daga tagar. "Duba ƙarƙashin wanga. Shi ma ƙasa ta sha ruwa kafin shi faɗo. Ke nan an fasa bayan yayyafi ya fara. Tsakanin taka nan da fasa nan, wuni guda. Kuma katakon duk waje yaz zubo. Daga ciki anka bugo ta."

"Daga ciki?" in ji Malam Uthman.

"Ɓarawonka ta ƙofa yash shiga, ta ƙofa yaf fita. Tagar kwalliya ta."

Daga ƙofar makaranta zuwa ta ofis an jera fasassun bulo saboda taɓo, ba sa riƙe sawu. Bube ya bi su a hankali har bakin dokin ƙofa. Nan ya tsaya, ya karkata kai ya kawo idonsa mai gani, yana duban yashin da ke dama da ƙofar. Ya durƙusa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Mi kag gani?" in ji Atu.

"Ɓarawo mai gata. Samo mini kwando babba."

Aka kawo, ya kife a wurin, ya ɗora dutse. Ta tambaye shi sau uku, ya ce mata yunwa yake ji.

*

Mabuɗi biyu ne, in ji firinsifal: ɗaya a aljihunsa, ɗaya wurin Malam Lauwali mai koyar da lissafi. Atu ta ce shi ke nan, an gama. Dama ta tsani Malam Lauwali, don da yamma yakan tara 'ya'yan masu hali a zaurensa yana ƙara musu karatu, Nasiha kuwa lokacin tana tatsa.

Suka same shi yana wanke babur. Bube ya dubi tayar, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Malam, ran Asabar fa?"

"Kebbe na tafi ɗaurin aure tun safe. Sai bayan magariba na dawo, rafi ya tare mu. Mu shida ne, ka tambaya."

"Ƙarya shikai!" in ji Atu.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Ni na koya wa Nasiha lissafin da take taƙama da shi."

"Gwamnati ta aje ka don ka koya, ba alfarma kay yi ba."

Bube ya bar su suka gama. "Kullum wanga takalmi mai igiya kaka sawa?"

"Shi ke nan gare ni, sai silifas."

"Kwaɗon ofis fa, wa yas saye shi?"

"Kwamitin iyaye, shekarar da aka sake ƙofa. Kafin zuwan firinsifal ɗin nan."

Da suka fito Bube ya ratse shagon bakin kasuwa, ya ɗauki kwaɗo irin na ofishin yana juyawa. Mabuɗi uku ne ke lilo a jikinsa. Ya ajiye bai saya ba.

"Ba Malam Lauwali ba na," ya ce wa Atu.

"Ka tabbata?"

"Kin so shi zama shi. Wannan daban, sawu daban."

Saura maigadi. Maccido dattijo ne mai sanyin magana, yana zaune bakin ɗan masallacin makaranta. Ya ce ran Asabar ruwa ya kore shi ɗakin gadi, bai ga kowa ba, bai ji komai ba, Allah na gani. Bube ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa, suka shiga hirar gero da tsadar taki kamar ba abin da ya kawo su. Ana haka aka kira la'asar. Firinsifal ya zo da sauri, ya watsar da takalmansa dab da gwiwar Maccido, ɗaya nan ɗaya can, ya shige. Na'ibin liman ya zo, shi ma ya tuɓe nasa ya shige. Maccido bai ko kalle su ba. Bube kuwa ya ƙura wa takalman ido kamar bai taɓa ganin takalmi ba.

Atu ta ja shi gefe bayan salla. "Na ɗauko ka tun daga Jabo ka zo cin goro?"

"Kwamitin nan, mutum nawa na?"

"Fuɗu. Alhaji Sirajo mai hatsi, shi as shugaba. Na'ibi. Haliru mai shago. Da wakilin maigari. Uku cikinsu na da ɗa ko jika a ajin."

"Gobe in Malama ta zo, a tara su ofis. Ke kuma ki riƙe bakinki har in ce."

"Ban yi alkawari ba."

*

Ran Talata da hantsi Malama Ihsan ta iso, ta ji labari, ranta ya ɓaci. Aka janye ƙaya daga kan bulo, aka buɗe kwaɗo. Ofishin da darduma a shimfiɗe, ba a shiga da takalmi. Da yake kwando ya tare dama, kowa ya tuɓe a hagu: dattawa huɗu da takalmansu na fata masu sulɓin ƙasa, iri ɗaya kamar an haɗa baki, sai firinsifal, sai Malam Lauwali, sai Malama, sai Atu. Bube ya ce wa Maccido ya tsaya waje ya kori 'yan kallo can nesa, ya shiga ya turo ƙofa.

Alhaji Sirajo ya fara magana, cikin natsuwa irin ta wanda ya saba a saurare shi. Abin da ya faru ya faru, lokaci na ƙurewa, kwamiti ya san yaran nan tun suna goye, a bar shi ya fitar da biyu masu tarbiyya.

"Tukuna, ranka shi daɗe," in ji Bube. Sai ya kama ba su labarin wata saniya da aka sace a Jabo shekarar fari, yadda ɓarayi suka ɗaure mata tsumma a kofato, da sunan kowane rafi da ya tsallaka. Na'ibi ya yi hamma. Haliru ya duba agogo. Atu ta cije leɓe har ta ji gishiri.

Can Malama Ihsan ta ce, "Baba, ina da makarantu biyu a gaba."

"Na gama, ɗiyata. Ku taso, amma kowa shi tsaya bakin ƙofa, kada a taɓa takalmi."

Suka yi cirko-cirko a dokin ƙofa. Takalma na nan a watse yadda aka tuɓe su, hancinsu na kallon bango. Guda ne kawai aka juya, aka haɗa ƙafa biyun daidai wa daida, hancinsu na kallon hanya, mai su ya fito ya zura kawai.

Bube ya ɗauke dutse, ya ɗaga kwando. "Ku duba nan. Ga gurbin takalmi biyu na kallon bango, ruwa ya ɗan dake su. Nan anka tuɓe. Ga wasu biyu kusa, a haɗe, na kallon hanya, cikinsu sumul. Nan sunka zauna har yayyafi yaɗ ɗauke. Ga kuma kan yatsun mutum, babu diddige, wanda yat tsuguna yaj juya su. Shekara arba'in nika bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda anka juya ma takalmi ba sai wanga." Ya dubi na hagu. "Jiya na ga maigadi bai juya na firinsifal ba, bai juya na na'ibi ba. Wanga na wa na?"

Kowa ya dubi takalman. Alhaji Sirajo ne kaɗai bai dubi ƙasa ba.

"Wace irin shari'a ta wagga?" ya ce. "Takalmi ka ba da shaida? Maccido gidanmu yat tashi, tun yana yaro shika juya min takalmi. Laifi na?"

"Ba laifi ba na," in ji Bube. "Ladabi na. Ran Asabar ma ladabin na."

Haliru mai shago ya yi gyaran murya. "Alhaji, kwaɗon nan a shagona ka saya. Mabuɗi uku na ba ka."

Maccido ya zame ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. Atu ta tsallake takalman ta tsaya a kansa.

"Ina takardun ɗiyan mutane? Ka ƙone?"

"Alhaji yac ce in jefa masai." "Na kai bakin ramin, sai nig ga Bisimilla a goshin ambulan. Ya zan yi in jefa sunan Allah a masai?"

Malama Ihsan ce ta rubuta da Larabci, al'adarta ce a kan kowane ambulan. Maccido ya kai su masallaci, ya miƙa hannu saman azara, inda ake soke yagaggun shafukan Alƙur'ani don kada a taka. Ya zaro ambulan ɗin. Liƙin yana nan, sa hannun Malama a kansa bai motsa ba.

*

Malama ta ce za ta tafi da su Tambuwal ta duba a natse. Nan Atu ta saki bakin da ta riƙe.

"Ba inda za su! Sun shiga ɗaki sau ɗaya mun ga abin da yab biyo. Nan za a duba, gindin icce, gaban kowa. Ke karanta, mu mu ƙirga."

Malama ta dubi firinsifal, ya sunkuyar da kai. Aka fito da tebur gindin ɗinya. Gari ya taru, har waɗanda suka rantse sun ga Atiku da idonsu. Tambaya hamsin ce. Malama na riƙe da takardar amsa, Malam Lauwali na leƙe ta kafaɗarta, duk amsar da ta yi daidai ta ja jan layi ta ce "ɗaya," Atu ta jefa tsakuwa a kwano. Haka aka yi wa yara ashirin da uku, har inuwa ta juya.

Mardiya ta samu arba'in da bakwai. Nasiha arba'in da ɗaya. Takarda ta ashirin ta Gazali ce, ɗan Alhaji Sirajo, yaron da ba a taɓa jin ya wuce na biyar ba. Tsakuwa ta yi ta faɗawa kwano. Da Malama ta rufe shafin ƙarshe, arba'in da biyu.

Atu ta ce a ba ta takardun biyu. Ta shimfiɗa su a cinya, ta bi jajayen layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ƙirga shanu a bakin garke. Ta sake. Ta sake na uku. Ba su canja ba. Ukun da suka rage ba wanda ya kai arba'in.

Malam Uthman ya matso ya rage murya. "Inna, bayan abin da ubansa ya yi, in muka cire yaron ba mai cewa uffan. Nasiha ce ke biye."

Na'ibi ya gyaɗa kai. Malama ta ɗaga biro tana jira. Atu ta daɗe tana kallon kwanon. Tana so. Allah ya sani tana so.

"Bube."

"Na'am."

"Ka ga sawun yaron a wurin?"

"Ban gani ba."

"Ka duba da kyau? Idonka guda na."

"Ko yatsa guda babu, Atu."

Ta tofar da yawu gefe. "To ku rubuta abin da anka ƙirga."

Ta miƙe, ta nufi Alhaji Sirajo inda yake zaune shi kaɗai a kan benci, don tun ɗazu aka dare masa. "Ɗanka ya ci da hannunai, kai ba ka ma san shina iyawa ba. Da an bar ka, har ya mutu cewa za a yi sata anka yi mai. Ka ji kunya, ƙato da gemu." Ta juya ga taron. "Ku kuma, gobe Atiku na fita da shanu. Wanda ɗansa yaƙ ƙara yi mai ihu, ni da uwarsa."

Maganar kai Alhaji gaban maigari da sauke shi daga kwamiti, ta bar wa masu rawani. Ta sa Bube a babur, ta cusa masa ƙwaryar man shanu.

Nasiha ba ta je gindin ɗinya ba, Atu ce ta hana. Tana bayan gida tana ɗaure maruƙa. Da ta ji tafiyar kakarta ta miƙe da igiya a hannu.

"An ga takardun," in ji Atu. "Mardiya ta ɗaya. Gazali na biyu. Da ɗaya yaf fi ki."

"Gazali?"

"Sau uku niƙ ƙirga da yatsana. Ba a cuce ki ba."

Yarinyar ta tsaya tana murza igiyar. Maraƙi ya ja, ba ta kula ba.

"Wace tambaya nif faɗi ta ƙarshe, Inna?"

"Ni karatu gare ni? Shafi na uku, can ƙasa, inda anka zana wani abu kamar tulu da wuta ƙarƙashi."

"Na rubuta daidai da fari," in ji Nasiha. "Sai nig goge."

Atu ta karɓi igiyar daga hannunta, ta durƙusa ta ɗaure maraƙin da kanta.